Yadda Ake Cin Kakar Tseren Jiragen Haidirofilen a Amurka

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na ga bidiyon wasu jiragen ruwa na tsere a Amurka, suna gudu kamar za su tashi sama, ruwa yana tashi a bayansu kamar bango. An ce mini gasa ce ta ƙwararru da ake yi duk shekara. Yaya kakar take tafiya daga farko har ƙarshe? Kuma na ji mai sharhi yana cewa jirgin da ya fi kowa gudu ba lalle ne ya zama zakaran shekara ba. Ta yaya hakan zai yiwu?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Abin da ka gani shi ne ajin da ake kira H1 Unlimited, ajin ƙoli a tseren jiragen haidirofilen, wanda yake ƙarƙashin APBA, ƙungiyar tseren jiragen ruwa masu inji ta Amurka da aka kafa tun 1903. Mai sharhin nan gaskiya ya faɗa. Kakar gajeruwa ce, tsere biyar ko shida ne kacal tsakanin watan Yuni da watan Satumba, kuma tsarin makinta ya fi saka wa jirgin da ke gama kowane karo lafiya fiye da wanda ke tashin kan 'yan kallo yau, gobe a jawo shi da igiya. Amma kafin lissafin maki ya zauna maka, sai ka fara sanin jirgin, domin halinsa ne ya sa gama tsere ya zama abu mai wuya.

Tsawon jirgin kimanin mita tara ne, faɗinsa kusan mita huɗu, kuma doka ta ce kada nauyinsa ya gaza fam 6,750, wato tan uku da 'yan kai. In yana tsaye, kwance yake a ruwa kamar kowane jirgi. Da an ba shi wuta sai ya ɗago, har ya zama wuri uku ne kawai ke taɓa ruwa: ƙarshen ƙafafunsa biyu na gaba, dama da hagu, sai farfela a baya, ita ma rabinta ne a ciki, rabi a waje. Iskar da ke kutsawa tsakanin ƙafafun nan biyu ita ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Ka san yadda yara ke jefa tsingaro a kwance a kan tafki, yana tsalle yana ɗan lasar ruwa? To haka yake tafiya, sai dai wannan tsingaron tan uku ne, da mutum a cikinsa, kuma a miƙaƙƙen layi yana kusantar kilomita 320 a awa.

Feshin da ka gani a baya farfelar ce ke watsa shi, tunda rabinta a waje take juyawa. Ƙarama ce ƙwarai, kunnuwa uku, faɗinta bai wuce inci 16 ba, amma ruwan da take ɗagawa yakan kai mita 18 sama. Bangon ruwa na biyu, wanda ke tashi a kwana, daga wata doguwar wuƙar ƙarfe yake fitowa da aka ɗaure a bayan ƙafar hagu. Ita ce ke kama ruwa ta riƙe jirgin kada ya sulale waje, domin duk tseren hagu ake juyawa. Ba birki, ba canjin giya. Matuƙi yana da sitiyari, da totur a ƙafar dama, da wani fedal a ƙafar hagu da ke motsa ƙaramin fiffike a hancin jirgin don danne shi ƙasa in iska ta fara yi masa yawa a ciki.

Injin kuwa na jirgi mai saukar ungulu ne. Tabain ne, wato injin da iska mai zafi ke juya fukafukan cikinsa, ƙirar Lycoming T55, wanda aka yi domin jirgin sojan Amurka mai suna Chinook, yana ba da ƙarfin doki kusan 3,000, yana shan mai irin na jirgin sama, dangin kananzir. Da can injinan jiragen yaƙi na Yaƙin Duniya na Biyu ake sawa, Allison da Rolls-Royce Merlin da Griffon, masu rugugin da ake ji daga wani gari. Jirgi mai tabain ya fara cin tsere a 1982, wato Pay 'n Pak da John Walters ya tuƙa, kuma kafin shekarun 1980 su ƙare tabain ya mamaye fagen. Yanzu an yi wa injin takunkumi: man da zai sha a minti ɗaya an ƙayyade shi a wajen galan huɗu, saurin juyawarsa ma da iyaka, kuma akwai na'ura a cikin jirgin da ke rubuta komai. Bayan kowane karo jami'ai sukan cire bayanan su duba. Wanda ya ƙetare iyaka sosai, makin karon duk ya zube, ko da shi ya zo na ɗaya da tazara. Wannan takunkumi shi ya sa injinan manyan ƙungiyoyi suka kusanci juna a ƙarfi, bambancin ya koma kan farfela, da haɗin giya, da yadda aka daidaita zaman jirgin a kan ruwa.

Kakar a gareji take farawa, cikin hunturu, watanni kafin kowa ya ga ruwa. Yawancin ƙungiyoyin a kewayen birnin Seattle suke, a jihar Washinton, wasu kuma a tsakiyar ƙasar, kamar garin Madison na jihar Indiana. Ana kwance jirgin gaba ɗaya, a buɗe bayansa a duba inda ruwa ya shiga ya ɓata jikin, a gwada wuƙar kwana da allon juyawa da sandar farfela ko akwai tsagar da ido ba ya gani, a sake haɗa injina biyu ko uku, domin ba mai fita kaka da inji ɗaya in yana da hali. Abin da ke ba ni sha'awa a wannan wasa shi ne mafi yawan masu wannan aiki 'yan sa-kai ne. Mutum ya tashi daga wurin aikinsa da yamma ya wuce gareji, ya kwashe ƙarshen makonsa yana goge jikin jirgi, ba don albashi ba. Wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni akan yi gwajin share fage a kogin Columbia, inda sababbin matuƙa da jiragen da aka yi wa babban gyara ke fara taɓa ruwa. Daga nan sai hanya. Jirgin ya fi ƙarfin faɗin titi, don haka a karkace ake ɗora shi a tirela, gefe ɗaya sama, a yi ta jan sa dubban kilomita daga wannan gaɓar ƙasar zuwa waccan.

Kowane tsere kwana uku yake ci, Juma'a zuwa Lahadi. An shata fili a kan ruwa da manyan balan-balan masu iyo, siffar ƙwai, zagayensa mil biyu ko biyu da rabi, wato kilomita uku da ɗan ɗori ko huɗu. Ranar farko gwaji ne da neman cancanta: kowane jirgi ya fita shi kaɗai a auna saurinsa na zagaye, kuma sai ya kai mil 130 a awa kafin a yarda ya shiga tsere. Manyan jirage sukan haura mil 160 a fili mai kyau. Wanda ya fi kowa sauri ya sami maki 100, na biyu 80, na uku 70, haka dai ana raguwa. Sannan a raba jiragen rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, a yi karo na share fage, galibi uku ko huɗu ga kowane jirgi, kowane karo zagaye uku. Waɗanda suka fi tara maki su ne ke haɗuwa a karon ƙarshe ranar Lahadi da la'asar, zagaye biyar. Wanda ya ci wannan shi ya ɗauki kofin garin, ko da bai taɓuka abin kirki ba a ranar Asabar.

To ga inda amsar tambayarka ta biyu take. Kofin gari na wanda ya ci karon ƙarshe ne, amma kambun shekara na wanda ya fi tara maki ne a dukan karon da aka yi a kakar, kuma makin karon share fage daidai yake da na karon ƙarshe. Na ɗaya 400, na biyu 300, na uku 225, na huɗu 169, na biyar 127, na shida 95. Wanda injinsa ya mutu bai gama ba, sifili. Ɗauki ƙarshen mako mai karo huɗu. Jirgi ya ci uku a jere, a na huɗu farfelarsa ta karye: makinsa 1,200. Wani jirgin bai ci ko ɗaya ba, amma ya zo na biyu sau huɗu: shi ma 1,200. Idan kuma karyewar farfelar nan ta yage gindin jirgin, kamar yadda takan yi in kunne ɗaya ya fita sandar ta fara jijjiga, har ya kasa zuwa tsere na gaba, to ya yi asarar maki sama da dubu a kakar da ba ta wuce tsere biyar ko shida ba. Ba inda zai maido su. Shi ya sa za ka ga matuƙi mai hankali, in ya tabbata ba zai kamo na gaba ba, ya sassauta ya riƙe matsayi na biyu ya ajiye injinsa. 'Yan kallo ba sa son haka, amma shugaban makanikansa ya san abin da yake yi.

Farawar karo ita ce ɓangaren da na fi so ka sa wa ido, domin a nan ake cin rabin tseren kafin a fara shi. Ba a tsaye ake tashi ba. Minti biyar kafin lokaci jiragen suna kan ruwa suna kewaya fili, ga ƙaton agogo yana ƙirga baya. Burin kowa ya tsallaka layin farawa da cikakken gudu daidai lokacin da agogo ya kai sifili. Ka riga shi da ƙiftawar ido, an ci ka tara, galibi ƙarin zagaye ɗaya, wanda daidai yake da faɗuwa. Ka makara da daƙiƙa ɗaya, abokan karawarka sun ba ka tazarar mita tamanin, kana cikin feshinsu. A cikin waɗannan mintoci ne kuma ake kokawar layi. Layin ciki shi ya fi gajarta, kuma mai shi ne ke da ruwa mai tsabta a gabansa. Da matuƙa sukan je su rarrafa a hankali a bakin kwana don su kama layin tun da wuri, abin ya zama ba daɗin kallo, sai aka kafa doka cewa kada gudu ya sauka ƙasa da mil 80 a awa fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Yanzu sai matuƙi ya haɗa lissafin lokaci, da gudu, da inda abokan hamayyarsa suke, alhali daga cikin ɗakinsa ba ya ganin gefe da baya sosai. Akwai mutum a kan hasumiya a bakin ruwa da ke yi masa magana ta rediyo, yana ƙirga masa daƙiƙoƙi, yana gaya masa wa ke damansa. Haka kuma ba ka da ikon yanko gaban wani ka shiga layinsa sai ka ba shi tazarar tsawon jirgi bakwai, domin feshinka in ya sauka a kansa zai iya kashe masa inji, ko ya ɗaga shi sama.

Sai ruwan kansa. A 'yan shekarun nan kakar wurare biyar take bi, kuma kowane ruwa da halinsa, har saitin da ya ci a wani gari kan zama abin kunya a na gaba.

Akan buɗe a Guntersville ta jihar Alabama a watan Yuni, a wani tafki da ke kan kogin Tennessee. Fili ne mai faɗi, kwanarsa a buɗe, jirgi yana shiga ba tare da rage wuta sosai ba. A wannan tafki ne Roy Duby ya kai mil 200.419 a awa da jirgin Miss U.S. I a 1962, kuma an dawo da tseren can a 2018 bayan shekaru masu yawa. Matsalarsa zafi da gumi da hadarin da ke tasowa ba sallama. Iska mai zafi ba ta da kauri, tabain kuwa iska yake ci, don haka ƙarfinsa yana raguwa da tsakar rana.

Bayan nan sai Madison, a kan kogin Ohio, a makon bikin samun 'yancin Amurka na 4 ga Yuli. Wannan gari ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanensa kimanin dubu goma sha biyu ne, amma a 1961 suka samu jirgin tsere mallakar gari, Miss Madison, abin da babu irinsa a wannan aji. A 1971 garin ya karɓi baƙuncin Kofin Zinare, kofi mafi daraja a wasan, kuma jirginsu, tsoho, mai ƙaramin jari, wanda Jim McCormick ya tuƙa, ya doke jiragen attajirai a gaban mutanen gida. Filin Madison matsattse ne. Kogin ba shi da faɗi, kwanarsa a tsuke, gada ta ratsa ta samansa zuwa jihar Kentucky, ruwa yana gudu. In an yi ruwan sama a can sama, kogi ya taho da gungumen itace da tarkace, wasu a nutse ba a ganinsu. Gungume ɗaya ya isa ya cire allon juyawa daga jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa. A 2013 dole aka soke tseren saboda cikar kogin. A nan sai an sauya giya da farfela zuwa masu saurin ɗaukar wuta daga kwana, a haƙura da gudun miƙe.

Daga nan a ja tirela a ratsa ƙasar zuwa arewa maso yamma. Ƙarshen Yuli na Tri-Cities ne, garuruwa uku a bakin kogin Columbia, Kennewick da Pasco da Richland, inda ake tsere tun 1966. Yanki ne mai ƙarancin ruwan sama da zafin rana, fili mil biyu da rabi, mai sauri. Mako ɗaya kacal bayansa sai Seattle, a tafkin Washinton, cikin bikin Seafair, ga jiragen saman sojan ruwa na Blue Angels suna wasa a sama, ga dubban mutane a gaɓa. Filin Seattle gajere ne, mil biyu, kuma ruwansa ya fi ko'ina rashin kwanciya, saboda jerin jiragen 'yan kallo da ake ɗaurewa a jikin gungumen da aka shimfiɗa a gefen fili suna maido da igiyar ruwa ciki. A ganina waɗannan makonni biyu su ne ƙashin bayan kaka. Duk jirgin da ya ji rauni a kogin Columbia ranar Lahadi, kwana huɗu ke gare shi a gyara shi kafin Juma'a. Nan ake gane ƙungiyar da ke da kayan ajiya da mutanen da za su kwana a gareji, da wadda ta fito da abin da ke jikinta kawai.

Akan rufe a San Diego ta Kalifoniya a tsakiyar Satumba, a Mission Bay, kuma ruwan gishiri ne. Ruwan gishiri ya fi kauri, yana ɗaga jirgi sama, farfela tana kama shi da kyau, shi ya sa filin ke da sauri. A can Dave Villwock ya yi zagayen cancanta da gudun mil 173 da ɗori a awa a 1999 da Miss Budweiser. Amma gishirin maƙiyin tabain ne. Feshi in ya shiga bakin inji, gishiri ya daskare a kan fukafukan da ke matsa iska, inji ya fara tari yana aman wuta, ƙarfi ya tafi. Don haka ake tsawaita bututun shan iska, ake wanke inji bayan kowace fita, kuma matuƙi yana tsoron bin bayan wani ko tafiya a hankali fiye da ko'ina. Ka ga kenan wanda ya zo San Diego da ratar maki ɗari uku ko huɗu bai kamata ya yi barci ba: karo ɗaya da injinsa ya sha gishiri ya isa ya share ratar.

Idan kana son misali na zahiri, duba kakar 2008. A shekarar ce Miss Madison, da ke ɗauke da sunan talla na Oh Boy! Oberto, Steve David na tuƙi, ya ci kambun ƙasa karo na farko tun kafuwar ƙungiyar. Ba shi ne ya kwashe yawancin kofunan garuruwa ba, sun rarrabu a hannun jirage daban-daban. Abin da ya yi shi ne zuwa ko'ina da gama karo bayan karo a sahun gaba. A wannan shekarar ma iska ta hana a kammala Kofin Zinare a Detroit, abin da ke nuna maka cewa makin da ka tara jiya ya fi wanda kake sa ran samu gobe tabbas. Sun sake ci a 2009 da 2010 da 2012, a zamanin da Villwock ke tuƙa jirgin iyalan Ellstrom, wanda kowa ya san ya fi sauri a zagaye ɗaya.  Zakaran shekara shi ke ɗaukar lamba U-1 a kakar da ke biye.

Akwai kuma kofi ɗaya da darajarsa ta fita daban da lissafin maki, Kofin Zinare na APBA. An fara shi a 1904 a kogin Hudson na Niyok, inda jirgin da ya ci, Standard, ya yi gudun mil 23 da ɗori a awa, kuma shi ne kofi mafi daɗewa da har yanzu ake takara a kansa a duk wasannin injina. Gar Wood na Detroit ya ci shi sau biyar a jere daga 1917 zuwa 1921. A 1950 wani jirgi daga Seattle, Slo-mo-shun IV, wanda Ted Jones ya zana, ya kafa tarihin gudu na duniya a kan ruwa da mil 160.323 a awa, sannan ya je Detroit ya ɗauko kofin. A lokacin wanda ya ci shi ke karɓar baƙunci, don haka tseren ya koma Seattle a 1951, kuma daga nan gabar garuruwan biyu ta samo asali. Chip Hanauer ya ci kofin sau 11, Bill Muncey sau 8. Yanzu ɗaya daga cikin tseren kakar ake naɗa wa sunan: Madison a 2019 da 2021, Guntersville a 2022, Seattle a 2023, San Diego a 2024. Matuƙa da yawa za su gaya maka sun fi son sunansu a jikin wannan kofi a kan kambun shekara, kuma a ranar ne za ka ga an ajiye taka-tsantsan gefe.

Ba zan yi maka bayanin wannan wasa in tsallake rayukan da ya ci ba. Jirgin da iska ke ɗauke da shi, in hancinsa ya ɗaga fiye da kima, ko don igiyar ruwa ko don guguwa, iskar takan cika cikinsa ya tashi tsaye ya kifa ta baya. Ranar 19 ga Yuni, 1966, a kogin Potomac na birnin Washinton, matuƙa uku suka rasu a yini ɗaya: Ron Musson, da Rex Manchester, da Don Wilson. Mako biyu bayan haka Chuck Thompson ya rasu a Detroit. Bill Muncey, wanda ya ci tsere 62, ya rasu a Acapulco ta Meziko a watan Oktoba na 1981, sai Dean Chenoweth na Miss Budweiser a kogin Columbia a watan Yuli na 1982. A zamaninsu a buɗe matuƙi yake zaune, ba ɗamara, da tunanin gara ruwa ya jefar da shi waje. Bayan waɗannan rashe-rashe ne aka koma rufaffen ɗaki mai ƙarfi, da murfi irin na jirgin yaƙi F-16, da ɗamara, da takunkumin iska a fuska, da ƙofar tsira a ƙasan jirgin domin in ya kife masu nutso su ciro mutum ta nan. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ya zama dole ga kowa. Tun daga nan mutum ɗaya aka rasa a ajin, George Stratton, a San Diego a 2000. A 2009 jirgin Jean Theoret ya kife a Madison, ya sha ruwa har ya kusa halaka, masu ceto suka fito da shi ya rayu. Duk lokacin da ka ga an harba jan hayaƙi an tsai da tsere, waɗannan masu nutso ne ke kan hanya, kuma ni a wurina su ne mutanen da suka fi kowa muhimmanci a filin.

Wasan ba ya cikin ƙarfinsa na da, wannan kam gaskiya ce, kuma tana damuna. Bernie Little, mai Miss Budweiser, wanda jiragensa suka ci tsere 134 da kambun ƙasa 22, ya rasu a 2003, ƙungiyar ta rufe bayan kakar 2004, shekarar da Villwock ya kafa tarihin mil 220.493 a awa da ita a Oroville ta Kalifoniya. Babban kuɗin talla ya tafi tare da ita. Daga 2009 zuwa 2014 akan ɗora jiragen a jirgin dakon kaya a kai su Doha ta Katar galibi a rufe kaka da Kofin Oryx, wanda J. Michael Kelly ya fara ci, sannan wannan ma ya tsaya. Detroit, tsohuwar cibiyar wasan, rabonta da wannan aji tun 2018. Annobar korona ta cinye kakar 2020 ɗungurungum. Yau jiragen da ke zuwa tsere galibi ba su kai goma ba, injinan kuma tsofaffi ne, kayan gyaransu sai an nema. Ƙarancin jiragen ma ya ƙara wa gama karo nauyi: in jirgi huɗu ne a rukuni, wanda ya lallaɓa ya zo na ƙarshe yana da 169, wanda ya mutu a kan gaba ba shi da komai.

In za ka bi kaka mai zuwa, hukumar H1 Unlimited takan watsa tseren kai tsaye a YouTube. Madison tana bayan agogon Najeriya da Nijar da awa biyar a lokacin bazararsu, Guntersville shida, Seattle da Tri-Cities da San Diego takwas, don haka karon ƙarshe na yammacin ƙasar wajen sha biyun dare yake kamawa a wurinmu. Ka fara kallo tun daga minti biyar na kafin farawa, ka lura da wanda ya kama layin ciki da yadda ya kama shi. Ka riƙa duba teburin maki bayan kowace rana, har da Asabar, musamman daren Lahadin Seattle: in ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai maki 400 ba, to sai an je San Diego za a san zakara.